Kofin Hannun Dama

Mu biyu muka rage a ɗakinmu, ni da Yaya. Ya girme ni sosai, har goya ni ya yi, kuma bai taɓa bari na manta da haka ba. Shi yana Maiyama, a gidan da mahaifinmu ya bari. Ni ina Jega, sana'ata albasa: in je Aliero in zaɓa, in ɗura a buhu, in haɗa da masu mota. Aikin da ya cinye mini baya da gwiwa ke nan, bai bar mini komai ba sai warin da sabulu ya gaji da shi.

Yaya direban babbar mota ne a da. Albasar Aliero yake kaiwa kudu, wani lokaci har ya tsallaka iyaka. A can ya koyo shan gahawa. Ba ina nufin shayin da muke sha da madara da burodi ba. Wannan baƙa ce ƙirin, mai kauri, mai ɗaci, kurɓa kaɗan ta ƙare. Abokan tuƙinsa ƙwaya suke haɗiya don kada barci ya sace su a hanya. Shi ya ce gara ɗaci. Da ya ajiye tuƙi bai ajiye ta ba. Kullum da hantsi yana ƙofar gida a kan tabarma, ƙarƙashin dogon yaro, ga kurfoti da gawayi, ga 'yar butarsa da ta yi baƙi. Abokansa su zo su zauna, akwai mai facin babur da ke tsallaken hanya, akwai wani tsohon masinjan ƙaramar hukuma, su sha shayinsu, shi ya sha gahawarsa, a yi ta musu har rana ta kore su.

Ni gahawar ba ta dame ni ba. Kowa da abin da yake ɓata bakinsa da shi, ni goro ne. Abin da ya dami gidan duka shi ne kofi. Yaya yana da ɗan finjali fari marar mariƙi, bai fi ƙwan kaza ba, kuma a wurinsa duk wani kofi na duniya kuskure ne. Na roba wari yake. Na silba yana ƙona leɓe tun harshe bai ji komai ba. Mai faɗin baki yana sa ta huce kafin ka gama bisimilla, ƙanshin ya tsere. Cikin kofi kuma dole ya zama fari, don mutum ya ga launin abin da zai sha. Ya sha tsare ni da wannan karatu alhali ina sauri in kama mota.

Wata rana ya zo wurina Jega, na ce bari in burge shi. Na sa aka dafa, na zuba masa a babban kofin shayi, shi ke nan abin da nake da shi. Ya leƙa ciki, ya daɗe yana leƙe.

“Auta, mi na wanga? Rijiya? Ɗauko mini guga in jawo ta.”

Na ce, “Yaya, ai duk ciki ɗaya za ta.”

“Jaki ma ciki ɗaya garai, shi ya sa komi ka ba shi ci yakai.”

Bai sha ba. Tun daga ranar finjalinsa a aljihu yake zuwa da shi, naɗe a cikin hankici.

Wata damina hawan jini ya kayar da shi a bakin masallaci. Aka kai shi asibiti Birnin Kebbi, ya yi kwanakinsa, aka dawo da shi ɓarin dama ya shanye. Bakinsa ne ya fara dawowa, kamar yadda duk wanda ya san shi ya zata. Ƙafar ma ta ɗan dawo, yana jan ta in an tallabe shi. Hannun ne ya ƙi. Yatsun suka lanƙwashe ciki, suka zauna a haka, ba su buɗe ba, ba su kuma rufe ruf ba.

Mu duka mun ɗauka abin da sauƙi, tunda hannun hagu lafiyarsa lau. Amma a gidanmu, kamar kowane gida, tun kana rarrafe ake buge maka hagu in ka kai ta kwano. Yaya ne ma ya buge tawa, ba sau ɗaya ba. Yanzu da furfurarsa a ce ya kai hagu baki, sai ya kawar da kai. Matarsa ta kira liman. Liman ya zauna ya yi masa bayani a hankali, ya ce larura ce, babu laifi ko kaɗan, Allah ne ya karɓi hannun kuma ya san ya karɓa.

Yaya ya ce, “Na sani, Allah gafarta malam. Ban ce haramun na ba. Ba ni so, shi ke nan.”

Liman ya yi addu'a ya tafi. A zaure ya ce mini mu yi haƙuri da shi, wannan ba maganar hukunci ba ce.

Abinci yana karɓa a hannun matarsa, idonsa a rufe, kamar mai shan magani. Likita ya hana shi gishiri da abubuwa da yawa, amma ya ce ɗan finjali ɗaya da safe, marar ƙarfi, ba zai kashe shi ba. Matar ta dafa, ta ɗebo a cokali ta kai masa baki. Ya dube ta.

“Gahawa ba a ɗura ma mutum ita. Ɗauke.”

Aka ɗauke. Kurfoti ya koma ɗakin ajiya. Yaya kuma ya daina fita. Ko ana zafi hannun yana ƙarƙashin mayafi. Abokansa su zo ƙofar gida su zauna kamar kullum, su aiko a ce suna gaisuwa, ya ce a gaya musu yana barci. Sai da na matsa masa ya faɗa mini dalili, fuskarsa na bango.

“In na hita, kowa za ya miƙo mini hannu. Mi za ni miƙa mishi? Wanga abu? Ko hagu, kamar na raina shi?”

Ni ba mai iya lallashi ba ne, matata ma ta shaida.

Da zan tafi, matar Yaya ta biyo ni zaure. Tsakanina da ita wasa ne tun tana amarya, ina ce mata matarmu, tana ce mini rago. Ranar babu wasa.

Ta ce, “Auta, ba hannun nashi ka ba ni tsoro ba. In bai tashi ya hita cikin mutane ba, ɗakin nan za ya cinye shi. Jiya ko magana bai yi ba, kuma ka san yayanka da magana.”

Na hau babur zuwa Jega ina tunanin abin da zan iya. Ni ba likita ba, ba malami ba. Abin da ya zo mini kawai shi ne, in ya sha gahawarsa da hannunsa, wataƙila ya tuna da tabarmar. Finjalin ya yi masa ƙanƙanta, ga shi ba ya da kauri, zafi zai ƙona hannun da ba ya ji sosai. Sai na sayo na tangaram mai mariƙi. Mariƙin yatsa ɗaya yake ɗauka, yatsan kuma ya ƙi miƙewa ya shiga. Muka yi ta kokawa, na samu na rataya masa shi, yana motsawa ya kife a ƙirjinsa. Allah ya so ruwa na zuba don gwaji. Bai yi faɗa ba. Da ya yi faɗa da na fi jin daɗi.

'Yarsa da ke karatu a jami'ar Aliero ta zo da nata. A asibiti aka ba ta shawara, kuma shawarar ba ta banza ba ce: kofin roba mai mariƙi biyu, da murfi, da ɗan bututun tsotsa. Ta wanke shi, ta kawo da fara'arta. Yaya ya dube shi, ya dube ta, ya dube ni.

“To, saura goyo. Auta, juyo da bayanka, yau ranar biya ta.”

Ni dariya ta ƙwace mini. Yarinyar kuwa ta fita tana kuka. Ya sa aka kira ta, ya ce ta ajiye kofin, jikokinsa na nan tafe, shi zai fara ba su ruwa da shi. Ta yi dariya da hawaye. Amma gahawa dai ba a sha ba, ƙofar gida kuma ba a fita ba.

Na bar maganar kofi. Na gaji, ga aiki ya taso, albasar da muka ajiye a rumbu ta fara lalacewa saboda danshi. Wata ranar daga Aliero na wuce Maiyama kai tsaye da rabin buhu na gida. Na zauna gefen katifarsa, na zazzage kaɗan a ƙasa ina mita, wannan ta ruɓe, wannan ta yi tsiro. Shekara da shekaru in ina shakkar kaya Yaya nake tambaya, don shi ya san wadda za ta jure hanya da wadda za ta zama ruwa tun ba a tsallake kogin Kwara ba. Na ɗauki ɗaya na ce duba mini wannan. Hannun hagunsa yana kusa da ni, amma wa zai miƙa wa yayansa abu a hagu? Ban yi tunani ba ma. Na daman ya leƙo daga ƙarƙashin mayafi, sai kawai na tura albasar cikinsa.

Yatsun suka kama ta. Na ja, ta ƙi fitowa.

Na ce, “Yaya, saki mana.”

“Ni na riƙe? Gaya mishi da kanka, ya bar jin maganata.”

Sai ya yi abin da ya saba yi da albasa tun ina yaro, wato ya sansana wuyanta. Bai ɗauke ta da hagu ba. Hagun ya sa a ƙarƙashin gwiwar hannun dama, ya tura sama, hannun ya tashi da albasar har hanci. Ya shaƙa, ya yamutsa fuska.

“Wagga ba ta kai Legas. Saida ta nan kusa, kuma yau.”

Shi bai lura da abin da ya yi ba. Ni na lura, na kuma kama bakina, don in na faɗa zai ce a'a tun ban ƙarasa ba. Na ɓamɓare yatsun a hankali na cire ta, na sa wata babba. Ta yi yawa, ta zame. Na sa ƙarama, ta faɗi ta ƙasa. Na sa wata, na cire, na sa wata.

“Kai, kasuwa ka buɗe a hannuna?”

“Duba mini kake yi, Yaya.”

“Duka ruɓaɓɓu na. Kai da ka zaɓe su ma haka.”

Wadda ta zauna daram na jefa aljihu. Matsakaiciya ce, irin wadda mata suka fi so a kasuwa, ba ta manyan buhu ba.

Da ita na shiga kasuwar Jega, layin masu kwanuka da tangaram. Rumfa rumfa nake bi, in ɗauki kofi a hannu ɗaya, albasa a ɗaya, in damƙe wannan in damƙe wancan, in ajiye. Mutanen nan sun san ni, ba su kuma raga mini ba.

Wani ya ce, “Baba, miya za ka yi ciki?”

Na kusa da shi ya ce, “A'a, aure za ya ɗaura musu. Yana neman wanda ya dace da ita.”

Na ce su ci gaba, bakinsu ne. Na faɗa musu abin da nake nema: mai ciki kamar wannan albasar, mai kauri don kada zafi ya fito, bakinsa ya ɗan tsuke don ko hannu ya yi rawa kada ya zube, cikinsa fari. Aka fito mini da na gilashi, na amare masu zanen fure, da wasu sirara da ko kallonsu ka yi da ƙarfi za su fashe. Masu kyau ne, ban ce ba. Babu wanda ya zauna a hannuna yadda albasar ta zauna. Na koma wata kasuwar ma, haka. Albasar ta fara laushi a aljihu, matata ta ce ko dai in jefar ko in ƙaura da ita.

Inda ban nema ba can na same shi. A Aliero, bakin kasuwar albasa, akwai mai shayin da nake karyawa wurinsa tun ina da baƙin gashi. Ina zaune ina jiran a soya mini ƙwai, sai na ga abin da yake ɗiban sukari da shi. Kullum ina ganinsa, ban taɓa dubansa ba. Ɗan kofi ne na tangaram, gajere, mai tumbi, mai kauri kamar an yi shi don faɗa. Mariƙinsa ya karye, saura ɗan guntu. Na zare shi daga cikin sukarin na damƙe. Na ciro albasa na damƙe.

Mai shayi ya ce, “Lahiya? Ko ranar ta taɓa ka?”

Na ba shi labari a gajarce. Ya san Yaya tun zamanin mota. Ya ce wani direba ne ya manta da kofin shekarun baya, bai dawo ba. Ya karkaɗe sukarin, ya ɗauraye, ya miƙo mini.

“Tahi da shi. Ka ce mishi mai shayin da yake zagi yana gaishe shi.”

Guntun mariƙin yana da kaifi. Na kai wa mai wasa wuƙa a layin mahauta a Jega, ya goge shi a dutse har ya zama ɗan ƙullutu mai santsi. Na zuba tafasasshen ruwa na riƙe a hannuna na jima, don in tabbata ba zai ƙona shi bai sani ba. Ɗumi kawai ya fito.

Washegari da hantsi ina Maiyama. Na ce wa matar Yaya ta fito da kurfoti. Ta dube ni.

“Rago, in ka sake jiƙa mini shi, kai ka wanki.”

“Dafa dai, matarmu.”

Ƙanshin ya riga ni shiga ɗakin. Yaya yana kwance, na ga hancinsa ya motsa, amma bai juyo ba. Na tayar da shi zaune, na jingina shi da bango, na nuna masa kofin. Ya karɓa da ido kawai.

“Wa ya karya mishi kunne?”

“Haka na same shi.”

“Gindin ya yi faɗi. Kuma gajere na, kamar kai.” Ya ɗan leƙa. “Cikin dai fari na.”

Ban tsaya musu ba. Na yaye mayafin, na kamo hannun, na tura kofin ciki ba komai a cikinsa. Yatsun suka naɗe tumbin, ƙullutun ya zauna a kan babban yatsa. Na girgiza, bai motsa ba. Matar ta matso da buta ta zuba rabi.

Na ce, “Yadda ka sansana albasa rannan. Hagu ba ta taɓa kofi. Gwiwa kawai za ta tura.”

Ya kalli tururin. Na ɗauka zai ce a ɗauke. Sai na ji ya yi bisimilla ƙasa-ƙasa, ya sa hagu a gwiwar, ya tura. Hannun ya tashi yana rawa, gahawar tana kaɗawa a ciki, tana dukan bakin kofin tana komawa. Ya sunkuyo da kai ya tare shi a hanya. Ya kurɓa. Kaɗan ta bi gefen bakin da ya karkace ta shiga gemu, babu wanda ya kai hannu ya goge. Matar ta juya tana neman wani abu a bayan ƙofa, inda babu komai sai tsintsiya.

Ya sake kurɓa, ya shanye. Ya sauke hannun a cinya.

“Wa ya dafa wagga? Ruwa ta.”

Matar ta ce daga bayan ƙofa, “Likita ya dafa. Tahi ka yi faɗa da shi.”

Na kai hannu zan ɓamɓare yatsun in cire kofin, ya ce in bari. Yana kallon hannun. Ni ma na kalla. Duk watannin nan abin da muke gani hannu ne da ya lanƙwashe. Yanzu da kofi a ciki, hannun mutum ne da ke riƙe da kofi, ba wanda zai ce wani abu.

Ya ce, “Su wa ke waje?”

Na ce, “Su ne. Kullum suna nan.”

“Miƙo mini hula. Kama ni.”

Na shiga ƙarƙashin hammatarsa ta hagu, muka taka a hankali, yana jan ƙafa, yana zagin tsakar gidan da ya ce an ƙara mata tsawo. Muka ratsa zaure. Hasken ya sa ya runtse ido. Mutanen da ke kan tabarma suka juyo, sai mai facin babur ya miƙe.

“A'a! Ango ya hito! Barcin ya ƙare?”

Yaya ya ce, “Surutunku ya hana shi.”

Tsohon masinja ya taso da sauri, ya miƙo hannu tun daga nesa yadda aka saba. Na ji jikin Yaya ya ƙage a kafaɗata. Mutumin ya iso, ya ga kofi a hannun dama, sai ya kama wuyan hannun ya girgiza, kamar yadda ake yi wa duk wanda aka tarar yana ci ko yana sha. Mai faci ma ya yi haka, na bayansa ma haka. Muka zaunar da shi a wurinsa, jikin bishiya.

Mai faci ya leƙa kofin ya ce, “Har ka shanye ba ka rage muna ba?”

Yaya ya ce, “Ku da kunka saba da ruwan madara? Zauna ka ba ni labari. Wa ya mutu, wa ya yi aure?”